Mutumin Da Bai Waiwayo Ba

Shekarun da nake zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Chana saro jakunkunan hannu na mata, a unguwar Dengfeng nake sauka, a wani ɗan gidan sama da muke kamawa ni da ƙawata 'yar Damagaram. Ita kayan kicin take saye, ni kuwa harkata tana Shiling, garin da ba a san wata sana'a ba sai jaka. Akwai nisa, don haka wani direba ɗan Chana ne yake ɗauka ta da safe ya dawo da ni da yamma. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, in ya ga kujera babu kowa sai ya nemo mata mai zama.

Wata safiya na buɗe ƙofar mota na tarar da wata farar mata ta baje a wurina, gefen taga, inda nake jingina kaina in rama barci. Gashinta ja wur da lalle, ta rungume wata babbar waya mai faɗin faranti. Raina ya ɓaci. Na harari direba ta madubi, ya yi kamar bai gani ba. Na zagaya ɗaya gefen na zauna ina huci, na ƙudura ko kallo ba za ta ishe ni ba har mu isa.

Mota na tashi sai na ji ta ce bismillah. Na juya na dube ta da kyau.

"Musulma ce ke?" na tambaye ta da ɗan Turancina na kasuwa.

Ta ce alhamdulillah, ta dafa ƙirji ta ce daga Baku take, ƙasar Azerbaijan. Ban taɓa jin sunan ƙasar ba, amma na gyaɗa kai kamar ina da dangi a can. Ita ma jaka take saro wa shagonta. Turancinta bai fi nawa ba, sai muka haɗa da hannu da ido da 'yan kalmomin Chana da kowa ya tsinta a bakin shago. Kafin mu isa ta ba ni busasshen ɓaure, na ba ta goro, ta gutsura ta yamutsa fuska kamar na ba ta maɗaci. Daga ranar nake kiran ta Hajiyar Baku, ko da yake ta rantse mini ba ta taɓa zuwa Makka ba. Ita kuma tana ce mini baji, wato 'yar'uwa. Kujerar taga dai ban sake samun ta ba.

Zuwanmu yakan haɗu, domin lokacin da ake fitar da sabon samfur ɗaya ne ga kowa. Na ji daɗin tafiya da ita. Ta iya taya kaya fiye da ni, in ɗan Chana ya ce mata meyo, wato babu, sai ta tsaya ta zuba masa ido har sai kayan sun fito daga bayan shago. Kuma ba ta ɓata mini a cikin taro. Kasuwar Shiling in ta cika ko 'yarka sai ka riƙe wa hannu, amma ita daga nesa nake gane ta ta baya. Tana tafiya ƙafa a ware, kafaɗar hagu a sauke, hannun dama a goye a bayan ƙugu da tafin a buɗe, kamar mai jiran a sa mata wani abu a ciki. In ta hango kanta a gilashin shago sai ta yi sauri ta miƙe, ta haɗe ƙafa, ta dawo da hannun gaba. Ba a daɗewa sai kafaɗar ta sake zamewa.

Na taɓa tsokanar ta a kan haka. Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Ta ce tun tana yarinya mahaifiyarta take dukan kafaɗar nan, tana cewa 'ya mace ba ta tafiya kamar mai dakon kaya. Har ta yi aure ta haihu ba ta daina jin kunyar tafiyarta ba. Na ga maganar tana sosa mata rai, na bar ta.

A mota kuwa ba ta da aiki sai kallon fim a babbar wayar nan. Ɗanta ne ya cika mata ita da tsofaffin finafinan ƙasarsu, yawancinsu marasa kala. Da farko satar kallo nake yi, daga baya ta matso da allon tsakiyarmu. Rashin jin yare bai dame ni ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Kano, ba mu taɓa jin kalma ɗaya ba, amma ba mu taɓa yin kuka a inda bai dace ba.

A hanyar Shiling na san ƙasarta. Na ga tsohon birni mai ganuwa da lunguna irin namu na cikin gari, mata suna kakkaɓe darduma a kan soro. Na ga biki inda maza suke rawa da ƙafa kaɗai, hannu a miƙe, fuska a murtuke kamar an yi musu dole. Na ga iska, domin a finafinan nan kullum iska take, ba wanda hularsa take zaune lafiya. Sama da komai na ga mai. Akwai na zamanin da, inda attajirai masu gashin baki suke faɗa a kan fili, talakawa suna shiga rijiya da igiya su fito baƙi ƙirin, idanu kaɗai ake gani. Akwai na baya-bayan nan, inda aka kafa ƙarafa a tsakiyar teku, aka shimfiɗa gadojin katako masu tsawo a kan ruwa, har da gidajen kwana da wurin cin abinci, gari guda babu ƙasa a ƙarƙashinsa.

Abin ya ɗaure mini kai. Mu mai a layi muka san shi, da galan a bakin titi, da faɗan direbobi a gidan mai. Ban taɓa tunanin akwai mutanen da za su ɗauki mai haƙar mai su mai da shi jarumin fim, a ba shi budurwa, a yi masa waƙa ba. Na faɗa mata haka, ta ce a garinsu babu gidan da ba shi da wani a wannan aiki, har iskar garin warinsa take yi.

Sai dai kallonta yana ba ni haushi. Daidai lokacin da jarumi zai buɗe baki ya faɗa wa yarinya abin da ke ransa, sai ta ja fim ɗin gaba. In an fara waƙa, ta tsallake. Amma da an nuno taron ma'aikata, sai ta tsayar, ta buɗe fuskokin da yatsu biyu ɗaya bayan ɗaya, har da na can baya waɗanda ko mai fim ɗin bai damu da su ba. Na yi haƙuri har na gaji. Wata rana ta tsallake mini ɗaurin aure guda, na kasa daurewa.

"Haba Hajiya! Wannan wane irin kallo ne? Ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Ta ce ya aure ta, kullum suna aurensu. Sai ta buɗe jakarta ta fito da wani ɗan hoto irin na fasfo, ya koɗe har ya zama ruwan ƙasa. Mutum ne, wannan kaɗai zan iya rantsewa a kai. Akwai alamar gashin baki da inuwar idanu, sauran duk ya shafe.

Ta ce mahaifinta ne. A garin nan na kan teku ya yi aiki, kuma a can ya rasu tana ƙarama, ba ta ma fara makaranta ba. Hotunansa sun salwanta a wata ƙaura da suka yi, wannan ne ya rage. Amma kafin rasuwarsa masu shirya fim sun je tekun, sun ɗauki ma'aikata na gaske a cikin taro. Mahaifiyarta ta je silima sau ɗaya bayan ta fita takaba, ta dawo gida ta ce ta gan shi, daga nan ba ta sake taka silima ba. Duk lokacin da 'yar ta tambayi sunan fim ɗin sai ta ce ta manta, duk iri ɗaya ne, mai da iska. Yanzu uwar ma ta rasu.

"Fuskarsa nake nema, baji," in ji ta. "Na manta ta. Ina so in gan ta sau ɗaya kafin in mutu."

Daga ranar na daina ƙorafi, na shiga taya ta nema. In na ga mai gashin baki sai in nuna, ta duba ta girgiza kai. Matsalar ita ce duk mazan ƙasar gashin baki gare su. Ta kalli finafinan nan har ta haddace su, wasu ta maimaita ba adadi, ba ta dace ba.

A wani zuwan da muka yi cikin damina, kayanmu sun riga sun tafi tashar jirgin ruwa ta Huangpu suna jiran a loda kwantena, ba mu da abin yi sai zama. Aka wayi gari da ruwa irin na Guangzhou, wanda ba ya ɗaukewa don ya ga kana da uzuri. Na kira Hajiyar Baku na ce ta zo ta ci abincin rana. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da daddawar da na ƙunso daga gida. Ta ci da cokali, tana yabawa tana shan ruwa saboda yaji. Ita kuma ta zo da kayan shayinta, 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu da kwalbar 'ya'yan itace da aka dafa da sukari, wanda suke lasa suna kurɓar shayi. Ƙawata 'yar Damagaram ta shiga kicin wanke-wanke, mu kuma muka jingina wayar da tukunyar shayi muka kunna fim.

Wannan na taɓa ganin rabinsa a mota. Wani injiniya ne saurayi aka tura teku, tsofaffin ma'aikata suna raina shi. Na ce mata yau dai don Allah ta cire hannunta daga allon, mu kalle shi kamar mutane. Ta yarda, ta zauna a kan hannayenta tana dariya.

Can tsakiya aka nuno safiya. Babu magana, babu jarumi, kiɗa ne kawai a hankali. An ɗauko ma'aikata ta baya, sun jeru a kan gadar katako za su karɓi aiki, sanye da rigunan sanyi da hulunan hana-salla, ruwa yana tumbatsa a ƙarƙashinsu. Irin wurin da takan tsallake ke nan tunda babu fuska. Na ga hannunta ya fara zamewa daga ƙarƙashinta.

"Tsaya," na ce. "Mai da shi baya."

A nan sai na yi maganar goggona, yayar mahaifina. A unguwarmu in an yi haihuwa ba a cewa an gama barka sai ta zo. Takan karɓi jariri ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta juya shi ta rarraba shi kaf: goshi na gidanmu ne, yatsun ƙafa na kakansa ne, kunnen kuwa na dangin uwa ne, Allah Ya ba su haƙuri. Mata su yi ta shewa, wasu su tafi da fushi. Amma takan ce fuska tana canzawa, ƙiba ta ɓata ta, tsufa ya ɓata ta. In kina son sanin ɗan wane ne, ki bari ya ba ki baya ya tafi. Duk matan gidanmu mun ɗauki wannan hali, ba ma iya ganin yaro ba mu nemo masa mai kama ba. Ban taɓa ɗaukar sa wani abin a zo a gani ba, gulma ce dai ta ranar suna.

Hajiyar Baku ta mayar. Na sa yatsa a kan na kusa da ƙarshen layi. Ƙafa a ware, kafaɗar hagu a sauke, hannun dama a goye a baya, tafin a buɗe.

"Ga babanki nan."

Ta matso da fuska, ta buɗe hoton da yatsu, ba abin da ya fito sai ƙeya da hula. Ta dube ni kamar na yi mata wasan banza, har na ga ranta ya ɗan ɓaci. Ta ce baji, wannan ai baya ne, ta yaya za ki sani, ba ki taɓa ganin sa ba.

"Shi ban taɓa ganin sa ba. Ke kuwa shekara nawa ina bin bayanki a kasuwa?"

Ba ta gane ba. Na ƙwala wa ƙawata kira. Ta fito da kumfa a hannu, ban ce mata komai ba, na kunna wurin na ce ta kalla. Ta sunkuya, ta kalli layin mutanen, sai ta tuntsure da dariya.

"Kai! Yaya, wa ya sa wa Hajiyar Baku wando ya kai ta teku?"

Na fassara wa Hajiyar Baku. Muka ce ta tashi ta taka mu gani. Ta tashi ta yi tafiya daga taga zuwa ƙofa a miƙe sambal, ƙafa a haɗe, kamar amaryar da ake kallo. Muka ce ba wannan ba, ta kasuwa muke so, ta lokacin da kika gaji. Ta sake gwadawa ta kasa, tunda ta san ana kallon ta.

Sai na tuna da wayata. Nakan ɗauki bidiyon shaguna in tura wa masu sarin kayana a Kano su zaɓa. Na bincika har na samo wani da na ɗauka a layin masu jakunkunan biki. Ina nuna kaya, sai ga ta ta wuce ta gabana, ta ba ni baya, ta nufi ƙarshen layi ba ta san ina ɗauka ba. Na jingina wayata kusa da tata na kunna su tare.

Mutum biyu suna tafiya, ɗaya a kan katako cikin iska, ɗaya a kan tayil a ƙarƙashin fitilu. Kafaɗa ɗaya, hannu ɗaya, har yadda kan yake ɗan karkata dama in an ɗaga ƙafar hagu. Ita ba ta taɓa ganin bayanta ba, wa ya taɓa ganin nasa?

Ta sa hannu ta rufe baki. Ta mayar, ta sake mayarwa. Muka bar fim ɗin ya ci gaba ko zai waiwayo, ni har addu'a nake yi a zuci. Bai waiwayo ba. Ya bi layi har suka ƙanƙance, aka koma kan injiniya da matsalolinsa.

Na ji ba daɗi, na ce mata ki yi haƙuri Hajiya, fuska kike nema, ƙeya na samo miki. Ba ta ji ni ba. Hawaye yana zuba, amma fuskarta a sake take. Da ta yi magana, a hankali ta yi, tana neman kalmomin Turancin ɗaya-ɗaya.

"Mama ba ta ce ta ga fuskarsa ba. Cewa ta yi ta gan shi. Ni ce na ɗauka fuska."

Ta kai hannu ta dafa kafaɗarta ta hagu, inda ake dukan.

"Kullum na tashi zan fita daga ɗaki, shi take gani yana fita. Ni kuwa na ɗauka muni na yi mata."

Ƙawata ba ta ji Turancin ba, amma ta riga ta fara share ido da bakin zani. Ni ma ban tsaya jin kunya ba, na yi kukana. Mata uku a ɗan falo, ruwa yana dukan taga, shayi ya huce. Daga baya Hajiyar Baku ta ce a sake ɗora wani, ta ce a ƙasarsu ba a tuna mamaci da shayi mai sanyi. Muka yi masa fatiha, shi da matarsa, kowa da irin lafazinta. Sannan ta mayar da fim ɗin farko muka kalle shi har ƙarshe, ba ta tsallake ko waƙa ɗaya ba. Injiniyan ya auri yarinyar.

Ba zan ce na tabbata ba, Allah ne Masani. Babu takarda, babu wanda ya rage a raye da za a tambaya. Ɗanta ma da ta tura masa, cewa ya yi aikin kan teku yakan koya wa kowa ware ƙafa. Ta karanta mini saƙon ta yi tsaki, ta ce ware ƙafa dai, hannun fa? Ni dai na san abin da goggona za ta ce da tana nan, kuma ba za ta ce shi a hankali ba.

Da ruwa ya ɗauke muka koma Shiling duba wani samfur da aka yi mana alkawari. A mota ba ta fito da wayar ba, ta jingina kai da taga, tagata, ta yi barci har da minshari. Da muka sauka ta wuce gaba kamar kullum, ina biye. Muka zo wajen wani shago mai dogon gilashi. Na ga ta hango kanta, na ga kafaɗar ta fara ɗagawa, hannun ya fara barin ƙugu. Sai ta tsaya. Ta kalli matar da ke cikin gilashin na ɗan lokaci, ta saki kafaɗar ta koma inda take so, ta mai da hannun baya ta buɗe tafin.

Ta shiga cikin taro a haka, ƙafa a ware, ba ta waiwayo ba. Na sa sauri na bi ta.